Namun Daji da Itatuwa a Gefen Hanyar Kaya daga Yamai zuwa Diffa

Jamhuriyar Nijar ƙasa ce da ba ta da gaɓar teku, kuma layin dogon da aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso bai kai ga ɗaukar kaya ba, saboda haka kusan duk abin da ke isa kasuwar ƙauye, daga buhun shinkafa da sukari da takin zamani har zuwa man fetur da magungunan asibitin karkara, a bayan mota yake tafiya. Hanyar da ke ɗauke da mafi yawan wannan sufuri ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ɓangarenta na gabas ya tashi daga Yamai ya bi ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Konni da Maraɗi da Damagaram har ya kai Diffa, tafiyar da ta haura kilomita 1,300. Hanyar ta bi gefen iyakar Nijeriya a mafi yawan tsawonta, kuma rassanta da ke sauka Illela da Jibiya da Daura su ne suka haɗa kasuwannin ƙasashen biyu.

Kayan da tirela ta sauke a babban gari ba su gama tafiya ba, domin daga nan ne ƙananan motocin a-kori-kura da baburan kabu-kabu da amalanken shanu da na jakuna ke rarraba su zuwa ƙauyuka, suna bin ranakun cin kasuwa, yau a wannan gari gobe a wancan. Masu wannan aiki, wato direbobi da yaran mota da masu babura, suna ratsa daji ɗaya sau da yawa a kowane mako, da asuba da almuru, da rani da damina, shekara bayan shekara, ta yadda babu wani jami'in gandun daji ko mai bincike da ke ganin ƙasar da irin wannan yawa. Namun dajin da suka rage a wannan yanki kuwa ba a cikin shinge suke ba, a tsakiyar gonaki da makiyaya da gefen kwalta suke rayuwa, don haka makomarsu tana hannun manomi da makiyayi da direba fiye da yadda take a hannun kowace hukuma.

Raƙuman dawa na Kure

Kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso akwai garin Kure, kuma a kewayensa ne garken ƙarshe na raƙumin dawa na Afirka ta Yamma ya tsira. A da wannan dabba ta bazu daga Senegal har zuwa yankin Tafkin Chadi, amma farauta da faɗaɗa gonaki da farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 suka ƙarar da ita a ko'ina, har ya zamana a shekarar 1996 guda 49 kaɗai aka ƙidaya a duniya baki ɗaya, dukansu a wannan yanki. Gwamnatin Nijar ta tsaurara haramcin kashe su, ƙungiyoyin kare muhalli suka shiga ƙauyuka da ƙananan rance da rijiyoyi domin mutane su ga amfanin zama da dabbar, matasan yankin kuma suka zama masu yi wa baƙi jagora zuwa inda garken yake. Kafin shekarar 2018 adadin ya haura 600, abin da ya sa ƙungiyar IUCN, wadda ke tsara jerin halittun da ke fuskantar barazana a duniya, ta sauko da su daga matakin masu fuskantar ƙarewa zuwa mataki mai sauƙin haɗari.

Wanda ya ga raƙumin dawan Kure daga tagar mota zai lura cewa fatarsa ta fi ta 'yan uwansa na gabashin Afirka haske, zanen jikinsa ruwan ƙasa ne mara duhu wanda ke dusashewa yayin da ya gangaro ƙafafu, har ƙasan ƙafar ya zama kusan fari. Babban namiji yana kai mita biyar a tsaye, nauyinsa kuma kan wuce tan ɗaya, kuma idan yana kiwo yakan miƙa dogon harshensa ya naɗe reshen ƙaya ya zare ganyen ba tare da ƙayar ta dame shi ba. In yana tafiya a natse yana ɗaga ƙafar gaba da ta baya na ɓangare ɗaya tare, shi ya sa tafiyarsa ke da rangaji. Saboda ya saba da mutane, kuma babu zaki ko wani abin tsoro a yankin, ba ya razana da ƙarar inji, yakan tsaya a bakin kwalta ya duba, sa'an nan ya tsallaka ba tare da gaggawa ba, sauran garken na biye da shi ɗaya bayan ɗaya.

Tsallaka hanyar ba zaɓi ba ne a wurinsu, domin rayuwarsu ta rabu tsakanin wurare biyu. Da damina suna hawa tudun Kure, inda ake samun wani irin daji da masana ke kira daji mai zane, wato jerin geza da sabara da suka tsiro layi-layi, tsakanin kowane layi da na kusa da shi akwai fako, ruwan saman da ya faɗi a fakon ya gangara ya shayar da layin itatuwan da ke ƙasansa. Da rani kuwa sai su gangara Dallol Boso, wani tsohon kwarin kogi da ya ƙafe tun zamani mai nisa, amma ruwan ƙarƙashin ƙasarsa yana kusa, saboda haka gawo da aduwa ke da ganye a lokacin da tudu ya bushe. Kwalta ta ratsa wannan yanki, kuma an sha samun mota ta buge raƙumin dawa, haɗarin da ba ya barin dabbar kuma ba ya barin motar. Asarar ko da mace ɗaya babba ce, tun da tana ɗaukar ciki na kusan wata 15 kuma ɗa ɗaya take haifa.

Zaman bai rasa tsada ga mutanen ƙauyukan ba, waɗanda mafi yawansu Zabarmawa manoma ne da Fulani makiyaya, domin raƙumin dawa yana son wake da harawa da mangwaro, kuma katangar kara ba ta hana dabbar da wuyanta ya fi rumbu tsawo. Ita ma hanyar tana cin mazauninsa ta wata fuska, saboda tarin itacen girki da ake jerawa a gefenta domin motocin da ke komawa Yamai daga wannan dajin mai zane ake saro da yawa daga cikinsa. Tsoron kada annoba ko wata masifa ta auka wa garken a wuri ɗaya ya sa a shekarar 2018 aka kama guda takwas aka ɗora su a mota zuwa gandun dajin Gadabeji da ke arewacin jihar Maraɗi, tafiyar kusan kilomita 800, aka ƙara da wasu huɗu a 2022. A watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a yankin Kure, Faransawa shida masu aikin agaji da 'yan Nijar biyu, abin da ya durƙusar da zuwan masu yawon buɗe ido da kuɗin da ƙauyuka ke samu daga gare su. Tun daga lokacin, masu ganin garken a kai a kai su ne mazauna wurin da masu wucewa da kaya.

Daga Dogon Dutsi zuwa Madawa

Bayan Doso hanya kan shiga ƙasar Arewa, inda duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai ke tsaye a bayan Dogon Dutsi, sa'an nan ta nufi Birnin Konni da kwarin Majiya. A nan abin da ke cika ido aikin hannun mutum ne: rumbunan laka masu kumburarren ciki da hular ciyawa da ke jere a bakin ƙauyuka, da fadamun Galmi inda ake noma jar albasar da ta yi suna a kasuwannin Afirka ta Yamma, da buhunanta da aka tara a gefen titi suna jiran tirela, da tabarmin kaba na Madawa.

Ƙananan halittu sun fi bayyana ga wanda ya sauka daga kwalta ya kama hanyar burji ko turbar amalanke. Kurege kan tsallaka a guje da wutsiyarsa a ɗage, damo kan fito shan hantsi da damina, fakara da zabin daji kan bazu a turba da sassafe kafin zirga-zirga ta yi yawa, cilakowa kuma tana bin kashin shanu tana tonon ƙwari. Da dare fitilar mota kan kama zomo da bushiya da dila, da kuma yautai, tsuntsun da ke kwanciya a tsakiyar turba yana dakon ƙwari, idanunsa na mayar da hasken fitila ja, ba ya tashi sai taya ta kusa taka shi. Yawancin gawarwakin da ake gani a kwance a kan hanya da safe na waɗannan masu yawon dare ne, domin haske mai ƙarfi yana ɗaure su a wuri ɗaya maimakon ya kore su.

Tsuntsun da kowa ke dubawa a wannan tsiri na ƙasa shi ne shamuwa, wadda ke isowa daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya ko gawo a tsakiyar gari, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da sauran ƙwarin da ke ɓarna a gona, sa'an nan ta koma idan ruwa ya ɗauke. Manoma suna ɗaukar zuwanta a matsayin alamar a shirya iri, kuma al'ada ta hana a taɓa ta ko ƙwanta. Direban da ke bin kasuwanni daga kudu zuwa arewa yakan riga mutanen gari sanin inda ta sauka da inda aka yi shuka, kuma irin wannan labari yana cikin abin da ake tambayarsa a tasha tun kafin a sauke kaya.

Gawo da sassaben zamani

Daga Maraɗi zuwa Tasawa har kudancin Damagaram, abin da ya fi kowane girma a gefen hanya shi ne yawan itatuwan da ke tsaye a cikin gonakin gero, kuma wannan sabon abu ne idan aka auna da yadda ƙasar take shekaru 40 da suka wuce. A farkon shekarun 1980 gonakin yankin sun kusa zama fili, saboda an saba yin sassabe ƙarƙaf, dokar gandun daji da aka gada daga mulkin mallaka kuma ta mayar da itace mallakar gwamnati, ta yadda manomi ba ya ganin dalilin rainon abin da za a ci shi tara in ya sare reshensa. Dashen itatuwa da aka yi ta kashe kuɗi a kai bai yi nasara ba, domin yawancin dashen yana mutuwa a ranin farko.

A shekarar 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke fitowa a gonaki kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan, wadda ake kira sassaben zamani, ita ce manomi ya zaɓi 'yan rassa mafi ƙarfi a kan kowane kututture ya bar su, ya datse sauran, ya kuma kare su daga dabba da gatari har su zama itace. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada ta a ƙarƙashin shirin ba da abinci a madadin aiki, daga baya kuma ta yaɗu daga manomi zuwa manomi, musamman da hukuma ta sassauta riƙon da ta yi wa itatuwan gona. Hotunan tauraron ɗan adam da binciken da aka yi a ƙasa sun nuna cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200.

Gawo ne kan gaba a cikin waɗannan itatuwa, kuma ɗabi'arsa ta bambanta da ta sauran, domin yana zubar da ganye da damina ya fitar da sabo da rani. Saboda haka ba ya tare wa gero rana a lokacin da yake girma, ganyen da ya zubar yana zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da shuka ke buƙata, 'ya'yansa kuma abincin awaki da tumaki ne a watannin da ciyawa ta ƙare. Mai wucewa da kaka zai iya gani da idonsa cewa geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili tsawo da kauri. Sarakunan Damagaram na da sun san darajarsa, har suka sa hukunci mai tsanani a kan sare shi. Dawowar gawo da kalgo da magarya da aduwa ta dawo da inuwa da wurin sheƙa ga kurciya da hasbiya da sauran ƙananan tsuntsaye, ta kuma rage wa mata nisan tafiya neman itacen girki.

Abin da aka daina gani

Kallon gefen hanya hanyar bincike ce da masana suka amince da ita, kuma ɗaya daga cikin muhimman bayanan da ake da su game da tsuntsayen wannan yanki daga tagar mota aka tattara shi. Jean-Marc Thiollay, masanin tsuntsaye ɗan Faransa, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙidaya tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe da ya gani a kowane tsawon tafiya, sa'an nan ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, a irin lokacin da ya bi su da farko. Ya tarar cewa manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun dajin da ake karewa, manyan gaggafa ma sun yi ƙasa ƙwarai. A shekarar 2015 aka sa ungulun da aka saba gani a mahauta da kasuwa cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Dalilan sun haɗa da gubar da ake sa wa mushe domin kashe kuraye ko karnuka, wadda ke hallaka ungulaye da yawa a zama ɗaya, da cinikin kai da ƙafa da ƙwan ungulu domin tsubbu, wanda kasuwanninsa a Nijeriya da Benin ke jawo kaya daga ƙasashen maƙwabta, da kuma sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Ungulu ƙwai ɗaya take sakawa a shekara, saboda haka abin da aka kashe a wata guda ba ya dawowa cikin shekaru. Aikinta kuwa na tsabta ne, domin tana cinye mushe kafin ya ruɓe, cikinta yana kashe ƙwayoyin cuta da dama, kuma inda ta ɓace mushen jaki ko saniya kan daɗe a gefen titi yana tara ƙuda da karnuka. Gauraka ma, wadda a da ake ganin garkenta a fadamu, ta yi wuyar gani a mafi yawan ƙasar Hausa. Tsofaffin direbobi da mahauta sun riga kowane rahoto sanin wannan raguwa, sai dai ba a tambaye su ba, kuma babu inda aka rubuta abin da suka gani.

Gabas da Damagaram

Bayan manyan duwatsun da suka kewaye Damagaram da lambunan Miriya da tafkunan Gidimuni, itatuwa kan fara tazara, kuma daga Gure zuwa Gudumariya da Maine Sorowa hanya tana ratsa tuddan rairayi waɗanda iska ke turowa har kan kwalta. A tsakanin tuddan akwai ƙananan kwaruruka masu ruwa kusa, inda ake samun dabino da goriba da lambuna da kanwa, kuma mazauna wurin suna kafa shingayen kara da rassa a kan tuddan domin tsayar da rairayin kafin ya binne su. Raƙuman kiwo su ne abin da direba ya fi kiyaya a nan, musamman da dare. Daga Diffa kuma motoci kan juyo da busasshen tattasai na bakin kogin Komadugu Yobe, ko da yake rikicin Boko Haram ya daɗe yana takura noma da zirga-zirga a wannan ɓangare.

Haƙƙin da ke kan masu tuƙi da hukuma

Abin da tarihin wannan hanya ya tabbatar shi ne cewa halitta tana dawowa inda mutanen wurin suka ga amfaninta kuma aka ba su iko a kanta, kamar yadda ya faru da raƙumin dawa da gawo, tana kuma ɓacewa inda aka bar ta ba mai kula, kamar yadda ya faru da ungulu. Masu sufuri suna da hannu a ɓangarorin biyu, domin motar da ke kai magani ƙauye ita ce kuma ke iya fito da itacen da aka sare ba bisa ƙa'ida ba, ko buhun sassan tsuntsaye, ko damo da zabin daji da aka saya a bakin hanya. Rage gudu a tsakanin Kure da Birnin Gaure, musamman da asuba da almuru, da ƙin ɗaukar irin wannan kaya, da daina jefar da leda ta taga, wadda ke maƙalewa a ƙaya ta kuma kashe awaki da shanu in sun haɗiye ta, abubuwa ne da ba sa buƙatar kasafin kuɗi.

Nauyin da ya rage na hukumomin muhalli ne da ƙungiyoyin direbobi. Kusan kowace tasha tana da shugabanci da rajistar motoci, yawancin direbobi kuma suna riƙe da wayar da ke ɗaukar hoto da murya, don haka ba abu ne mai wuya ba a tsara yadda za su riƙa sanar da inda suka ga garken raƙuman dawa kusa da kwalta, ko mushen da aka sa wa guba, ko sheƙar ungulu, ko dabbar da mota ta buge. Ƙidayar da Thiollay ya yi ta buƙaci jiran shekara 30 tsakanin zagaye biyu, kuma kafin a gane girman asarar ta riga ta auku. Masu kai kaya ƙauyuka suna yin irin wannan zagaye kowane mako, kuma idan aka ɗauke su a matsayin abokan aiki, aka saurari abin da suke gani, za a iya gane raguwar wata halitta tun tana da sauran yawan da za a ceto.